Tsohon da yat tare ma Babanmu ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na faɗa, kuma da zuciya ɗaya nif faɗa, kada wani shi ce ɗan kwata bai san ladabin mutuwa ba. Kakana, mahaifin uwata, malamin makaranta da muke ce ma Tsoho, ya rasu ran Lahadi da hantsi nan Mafara, anka kai shi bayan azahar. Allah shi jiƙan shi, shi sa can ta fi mashi nan. To yanzu ku ba ni wuri, don tun da anka shimfiɗa tabarmin makoki nike haɗiyar magana, ta kai mani wuya.

Ni anka sa rabon ruwa ƙofar gida, don haka babu wanda ban gani ba. Dangin Tsohuwa, matatai, sun zo daga Bakura mota guda. Manoman Morai sun zo bisa babura. Wasu samari sun taso tun daga Damaga, ɗayansu ƙato da gemu, yaz zauna shina kuka awa an ƙwace mashi alewa. 'Yan fawa, abokan sana'ar Babanmu, sun jeru gefe guda sun yi wanka sun sa turare, har ban gane wasu ba. Cikin gida Innarmu ba ta yi kururuwa ba, ta dai riƙe gilashin idon ubanta tana ta goge shi da gefen zane. Auta, ƙanena, ya jingina da bango, mutane na ce mashi ya haƙuri, shi ko shina kallon ƙasa bai amsa ba. Wata gwaggo tac ce yaron ba shi da tarbiyya. Ta hagu suke yi mashi magana, shi ya sa. Za ni zo nan.

Duk wannan ya yi mani daidai. Abin da yat tada mani hankali mota ce fara da tat tsaya da la'asar. Wani babba yaf fito daga ciki, mutumin ofis, babbar riga na jan ƙasa. Anka yi ta gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, ya munka ji da wanga rashi, ya iyali, ya gajiyar jama'a. Sai yag gyara murya yac ce, "Malam uba ne ga ilimi. Irinai ba su da yawa. Kowane yaro ya san shi, ya san halinai."

Wallahi saura kaɗan in juye mashi butar bisa takalmi. Wanga mutum shi ne shugaban makarantarmu lokacin ina aji biyun ƙaramar sakandare. Shi yar rubuta takardar da tas sa anka jefa Tsoho can ƙauyen Damaga. Kuma sanin halin yaran da shike yabo yau, shi ne laifin da yar rubuta. Ku ji mani mutum! Ka kori bawan Allah shina da rai, ya mutu ka zo ka ci shinkafar sadakatai, har da neman ƙarin nama.

Bari in gaya maku wane ne Tsoho, tunda masu jawabi ba su faɗa ba.

Gajere ne, hula kullum a karkace, goro a kunci, keke mai ƙara awa injin markaɗe. Kimiyya shike koyarwa. Ni da shi ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. In na shiga gidanai sai in ce, "Tsoho, har yanzu ba ka sakar mani matata ba?" Shi ce, "Ɓarawo, da wane aljihu za ka riƙe ta? Ko goronta ba ka iya saye." Tsohuwa ta jefe mu da mahuci mu duka.

Amma in ya shiga aji wani mutum ne. Makon farko ba shi taɓa alli. Sai shi ja kujera tsakiyar aji shi bi mu ɗaya ɗaya da tambaya. Mi kac ci da safe? Wa ka tada ka? Ina kake biyawa kafin ka zo nan? Mi ubanka ka yi? Mu muna dariya, muna cewa tsohon nan ɗan sanda ne. Ashe zama shike shiryawa. Mu 'yan kwata, da sai mun taya fiɗa mun wanke kayan ciki kafin mu taho, yas sa mu bakin ƙofa, don in mun makara mu sulale mu zauna ba sai mun ratsa aji ana toshe hanci ba. Bayan aji ya aje bokiti da sabulu, da kuɗinai. Yaran da ka korar tsuntsaye gonakin shinkafa, in lokacin ya zo, sai shi yanka masu aikin ƙanana su tahi da shi bisa kunya su yi. Akwai wata yarinya mai in'ina, bai taɓa tada ta amsa da baki ba, alli shike miƙa mata, kuma duk ajin babu mai hannunta. Ni kuwa da ba ni iya zama wuri ɗaya ko an ɗaure ni, yan naɗa ni sarkin goge allo. In ya ga na fara tsokanar na kusa da ni sai shi ce, "Sarki, ƙasarka ta yi datti." In tashi in goge, in yi 'yar rawa, a yi dariya, in koma in zauna lafiya.

Yakan ce ma iyayenmu, "Ku mahauta kun ban mamaki. Saniya ta shigo kara, kallo ɗaya kun san mai harbi, kun san mai ciwo, kun san wadda ba ta sha ruwa ba. Amma ku turo mani yara cike da ɗaki ku ce duk abu guda ne."

Ranar da ba ni mantawa, ranar huhu. Ana karatun numfashi, ya zana wani abu ga allo awa buhu biyu, babu wanda yag gane. Yaj juyo yad dube ni. "Sarki, gobe ka zo mani da huhun rago, da maƙogwaronai, kada ka yanke." Nic ce, "Tsoho, in miya kake so ka faɗa mani gaskiya." Washegari nik kawo shi cikin leda. Yad ɗora bisa tebur, yas soka bututun biro ga maƙogwaron, yac ce in hura. Nih hura. Huhun nan yat tashi, yak kumbura, yay yi jajir. 'Yan mata sunka yi ihu, maza sunka hau benci. Nis saki, yas sace. Yac ce, "To abin da ka faruwa cikin ƙirjinku ke nan tun da anka haife ku." Sannan yas sa ni, ni da kowa ka kira jaki, in tsaya gaban aji in nuna masu inda iska ka bi. Ranar nan na san abin da ɗan alƙali bai sani ba. Har gida nit tahi ina hura ƙirji.

Ihun ne yaj jawo shugaban makaranta. Yash shigo, yag ga jini bisa tebur, ƙudaje sun fara taruwa. Gabanmu yac ce, "Malam, nan makaranta ce ko mahauta?" Tsoho yac ce, "Ranka shi daɗe, rabin ajin nan daga mahauta sunka zo. In ban je inda suke ba, ba su zuwa inda nike." Yac ce tsari ya ce kowane yaro shi zauna bisa jerin suna, wanda yam makara a yi mashi bulala bakin ƙofa, babu wani bokiti. Tsoho yac ce, "Tsarin ya taɓa wanke tumbi da asuba?" Munka fashe da dariya. Dariyar nan tamu ita tak kai shi Damaga. Hutu bai zo ba sai ga takarda.

Wanda anka kawo madadinai ba mugu ba ne, tsari kawai shike bi. Anka ɗauke bokiti. Anka maida ni tsakiyar aji, tsakanin wasu 'yan gayu biyu masu toshe hanci. Kullum na makara, kullum bulala bakin ƙofa, ga sanyin ruwan kwata bai sake mani hannu ba. Goge allo anka ba wani mai tsabta. Kafin shekara ta ƙare na daina zuwa, kuma babu mahalukin da yaz zo gidanmu yat tambaya ina nike. Ko mutum ɗaya. Akuya ta ɓace unguwarmu sai an yi shela, ni na ɓace daga aji ko tari ba a yi ba. Babanmu yac ce dama ya faɗa, yam miƙa mani wuƙa. Da Tsoho yaz zo hutu yag gan ni da jini har gwiwar hannu, yad daɗe shina kallona, sannan yac ce, "Rabin Boko." Sunan ya bi ni har yau. Da wasa yaf faɗa, amma bai yi dariya ba.

Ya yi shekarunai can, yay yi ritaya, yad dawo Mafara da ciwon ƙafa. Lokacin Auta ya shiga sakandare, kuma shi ma ya kama hanyata. Malamai sun ce daƙiƙi ne. Babanmu ya ce taurin kai ne, a kira shi shi yi banza da mutane. Ya sha mari kan haka ba adadi. Tsoho yaz zauna shina kallon yaron kwana da kwanaki. Rannan muna cin tuwo sai yal lallaɓa bayanai ta hagu, yar raɗa, "Auta, ga tsire." Shiru. Yaz zagaya ta dama yar raɗa, "Ga tsire." Auta yaz zabura har ya kusa kifar da miya, "Ina?" Munka yi ta dariya, sai munka ga Tsoho ya cire gilashi shina share ido. Kunnen hagun yaron ya mutu tun wani zazzaɓi da yay yi shina ƙarami. Shekara nawa muna gida ɗaya da shi, uwa da uba da ni, da malamai masu takardu, babu wanda yal lura. Muna ta dukan kurma.

Washegari yaj ja ƙafatai har makaranta, yas sa anka maida Auta gaba, jikin bangon hagu, yadda kunnen mai ji zai fuskanci malam. Daga nan kuma bai bar zuwa ba. Ba albashi, ba godiya, shi dai shi zauna bayan aji shi lura wa ka lumshe ido in an yi rubutu, wa ka barci, wa ka zuwa da yunwa, shi ja malami gefe shi raɗa mashi. Auta da ka zuwa na ƙarshe sai ga shi tsakiya, sai ga shi shina gyara mani karatun saƙon waya, ɗan banza.

Babanmu dai bai yarda ba. Ya ce yaro ya yi tsawo, lokaci ya yi da zai fara kwata, daga nan shi bi tirelar shanu zuwa Kurmi shi koyi hanya. Innarmu tak kai ƙara gidansu. Tsoho bai yi faɗa ba, bai aika kowa ba. Abin da yay yi, ana sallame asuba sai ga shi da buzu da 'yar rediyo, yash shimfiɗa daidai bakin zaurenmu, ya gicciye ƙofa, yaz zauna shina jan tasbaha.

Kun dai san suruki. Babanmu mutum ne da ka kada bijimi shi kaɗai, in ya daka tsawa kwata sai kowa ya nutsu. Amma tun da ya auri Innarmu bai taɓa cin abinci gaban Tsoho ba, bai taɓa kiran sunanai ba, in ya hango shi kan hanya sai shi tuɓe takalmi ko shi sake lungu. To yau ga shi ya fito da wuƙaƙe, Auta na biye, ga suruki ya cika ƙofa. Yad durƙusa. "Ina kwana, Baba. An tashi lafiya? Ya ƙafa? Ya sanyi?" Tsoho ya amsa a natse, yat tambayi kasuwa, yat tambayi shanu, yat tambayi mutanen da sunka mutu tun bara. Sannan yac ce, "Auta, zo riƙe mani butar nan." Shi ke nan. Wa zai buɗe baki shi ce ma surukinai ba ni ɗana? Babanmu yar raɓa ta gefe yaw wuce shi kaɗai. Tsoho yar riƙe hannun Auta har bakin aji.

Gobe haka, jibi haka. Da durƙuson ya ishi Babanmu sai yaf fara haura katangar baya, ta wajen garken awaki. Rannan ƙusa tak kama mashi wando tun daga gwiwa har ƙugu, maƙwabciyarmu na shara ta gani, kafin azahar duk kwata an ji. Har yau in shina wuri ba a ambatar katanga.

Sau ɗaya abin yaz zama rigima ta gaske. Babanmu yat turo yayanai, Baffanmu, shi yi magana. Baffa yaz zauna yay yi ta kewaye, sana'ar gado ce, yaro na ubanai ne, boko ba ta cika ciki. Tsoho yab bari yag gama, sannan yan nuna ni da tasbaha, ina tsaye da tire bisa kai. Yac ce, "Ga guda nan kun samu. Wancan ina Damaga anka ɗauke shi. Wanga ina raye, ina zaune." Maganar ta soke ni. Nic ce, "Tsoho, ni ne abin misali ke nan?" Yac ce, "Kai ne abin da ka hana ni barci, ɓarawo." Na yi kwana biyu ban je gidanai ba. Ran na uku ya aiko mani da ƙosai.

To ga inda haushin yake. Rana ta biyu ta makoki, ina zuba ruwa, nij ji Babanmu na ce ma direban tirela ƙasa ƙasa, "Bayan sadakar uku yaron zai bi ku." Ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba. Kunyar ta bi Tsoho rami. Nij ja Auta bayan gida nig gaya mashi, ina jiran shi yi kuka. Sai yac ce, "To mi? Gara in bi su." Ashe tun da Tsoho yak kwanta ciwo anka kawo sabon malami, yaj jera aji bisa tsawo. Auta dogo ne, anka kai shi can baya jikin bangon dama, kunnen mai ji na sauraren bulo. Ya koma daƙiƙi. Ga jarrabawar aji uku saura 'yan watanni.

Nish shiga wajen Tsohuwa. Tana zaune bisa tabarma cikin kayan takaba, ta rame. Nic ce, "Matata, kin ga abokin takarata ya gudu ya bar mani ke." Tad ɗauki mahuci za ta jefe ni, sai hannun yaf faɗi, tay yi kuka tay yi dariya lokaci guda. Nig gaya mata komi. Nic ce, "Ke ma suruka ce. Ba ki iya fita ki tare ƙofa, amma taki ƙofar wa ya isa shi shigo shi ɗauki yaro?" Sai tac ce, "Ai kuwa ina son mai ɗebo mani ruwa. Tahi ka faɗa gaban mutane, ka ce ni na aike ka. Kuma ka sa riga mai hannu, ɗan nema."

Ran sadakar uku, liman ya shafa addu'a, ana shirin tashi, nim miƙe. Bakina dai bai taɓa ba ni kunya ba. Nic ce, "Jama'a, Tsohuwa ta aiko ni. Ta ce a roƙa mata surukinta shi bar mata Auta shi zauna wajenta har ta fita takaba, shi riƙa yi mata aike in ya taso makaranta." Liman yac ce ma sha Allah, wanga ai ko ba a roƙa ba. Dangin Bakura sunka ce haka ne. Ido duk yak koma kan Babanmu. Yas sunkuyar da kai yac ce, "Ai ɗanta ne." Sannan yaɗ ɗago yay yi mani wani kallo da nis san ba a gama ba. Mutumin ofis kuwa har da cewa, "Madalla, haka marigayi zai so." Nic ce, "Ƙwarai, ranka shi daɗe, kai ka fi kowa sanin abin da shike so." Baffa yat taka mani ƙafa.

Washegari daga kwata nim miƙe makaranta, ko hannu ban wanke ba, da gangan. Nis sami sabon malamin, yaro ne kusan sa'ana, aji cike har taga, murya ta dishe. Na zo da faɗa cike da baki. Nic ce, "Malam, wancan dogon na baya kunnenai na hagu ba shi ji." Yad dafe kai yac ce, "Wallahi ban sani ba. Babu wanda yag gaya mani." Sai faɗan yar rasa inda zai sauka. Gaskiyatai ce. Duk abin da Tsoho yas sani kan yaran nan cikin kainai yake, shekara da shekaru, kuma babu babba ɗaya da yat taɓa zama yac ce Malam koya muna yadda kake yi. Sun bari an rufe shi da shi, sannan sun zo suna jawabi.

Ni da kaina nic ciccibi bencin nik kai jikin bangon hagu. Malamin yad dubi aji yac ce, "Akwai wani kuma?" Can wata yarinya tac ce, "Malam, wagga ba ta ganin allo daga nan." Wani yac ce, "Wanga sai ya kai nono tasha kafin shi zo." Sai aji yab ɓarke, kowa na tona kowa, ana ta jan benci. Nib bar su suna yi.

Da nik koma gida Babanmu na wasa wuƙa. Bai dube ni ba yac ce, "Na riga na yi ma direba alkawarin mutum." Nic ce, "Ai ga mutum." Yac ce, "Talata in an gama lodi." Shi ke nan maganarmu.

Don haka Talatar nan ina bisa tirela tsakanin ƙahoni, ni da ban taɓa wuce Gusau ba. Takaba za ta kai Auta bakin jarrabawa. Bayan nan ban san dabarar da za mu sake ba, amma Tsohuwa ta ce in bar mata, ta ce ciwon baya na nan tahe mata wanda ba shi warkewa sai yaro ya gama sakandare.

Jiya nib biya in yi masu sallama. Auta na zaune bisa buzun Tsoho shina aikin gida. Nik kama kunnen dama nic ce, "In na dawo nij ji ka bar bencin nan, wallahi kai za ni fiɗe." Yac ce, "Na ji, Rabin Boko." Sai niz zagaya ta hagu, nid duƙa, nig gaya mashi sauran: cewa tsoron hanyar nan nike ji, kuma da ni Tsoho yat tare ma ƙofa da yanzu wani ne ni. Yaj juyo yac ce, "Mi kac ce?" Nic ce, "Cewa niy yi kanka ya yi girma."

Allah shi gafarta ma Tsoho, shi haskaka kabarinai, shi zaunar da shi inda zai ji daɗin zama kamar yadda yaz zaunar da 'ya'yan mutane. Mai farar mota kuma, in sadakar arba'in ta zo, don Allah shi ci shinkafatai shi yi shiru.